Awarwaron Sankarar Mama da 'Yancin Ɗalibi a Makarantun Amurka

A Amurka, ɗalibin makarantar gwamnati yana shiga aji da 'yancinsa na faɗin albarkacin baki. Kotun Ƙoli ce ta tabbatar da haka a 1969 a shari'ar Tinker, bayan an dakatar da wasu yara a birnin Des Moines saboda sun ɗaura baƙin ƙyalle a damtse don nuna adawa da yaƙin Vietnam. Ƙa'idar ita ce, makaranta ba ta da ikon hana ɗalibi bayyana ra'ayi sai in abin zai dagula karatu sosai ko ya shiga haƙƙin wasu. A 1986 kuma, a shari'ar Fraser, kotun ta ce makaranta na iya hukunta kalaman batsa.

Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu ne rigimar garin Easton na jihar Pennsylvania ta faɗo. A 2010 wasu 'yan mata biyu 'yan ƙaramar sakandare suka sa awarwaron roba na gidauniyar Keep A Breast, mai wayar da kan matasa game da sankarar mama. Rubutun da ke jikinsa yana cewa mai shi na son nono, da irin kalmar da yara ke faɗi cikin wasa. Makaranta ta ce batsa ce, ta hana. Yaran suka ƙi cirewa, kuma a ranar da makarantar da kanta ta ware don wannan cuta, sai aka dakatar da su. Ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta kai ƙara a madadinsu.

A watan Agustan 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta uku ta ba yaran gaskiya, alƙalai 9 suka rinjayi 5. Ta ce batsa ƙarara, makaranta na iya hana ta ko da me aka fake. Amma maganar da ke da fuska biyu, wadda mai hankali zai iya ɗauka a matsayin tsokaci kan wani lamari na al'umma ko siyasa, ba a yi mata haramcin bai ɗaya. Makarantar ma ba ta iya nuna cewa awarwaron ya hana karatu ba.

A ganina kotun ta yi daidai. Cuta ce da gano ta da wuri ke ceton rai, kunyar ambaton wurin kuwa na cikin abin da ke sa mata yin shiru har ta yi nisa. Yarinyar da aka hukunta don ta taɓo zancen, wane darasi za ta ɗauka?

A 2014 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da hukumar makarantar ta ɗaukaka, don haka hukuncin yana aiki ne a yankin waccan kotu kawai, wato Pennsylvania, New Jersey, Delaware da tsibiran Virgin na Amurka. Alƙalan tarayya a Wisconsin da Indiana sun goyi bayan makarantu a kan wannan awarwaro ɗin dai. Makarantun kuɗi kuma wannan kariya ta kundin tsarin mulki ba ta ɗaure su ba, domin gwamnati take takawa birki.