Abin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce kan koyar da yaro daidai fahimtarsa

Iyaye da yawa a Katsina na ɗauka cewa koyar da kowane yaro gwargwadon fahimtarsa sabon yayi ne na makarantun kuɗi masu kwamfuta. Alhali maganar na rubuce a Manufar Ilimi ta Ƙasa, kundin da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 1977, aka riƙa yi masa gyara har zuwa bugun 2013. Kundin ya ce koyarwa ta ta'allaƙa a kan ɗalibi. Wato kammala manhaja bai isa ba, sai yaron da ke gaban malami ya gane.

Domin hakan ya yiwu, an ƙayyade malami ɗaya ga yara 35 a firamare, aka kuma ce a riƙa auna ɗalibi a kai a kai cikin zango, abin da malamai ke kira C.A.

Wannan awon shi aka fi zalunta. Amfaninsa shi ne malami ya gano cewa wance tana aji huɗu amma har yanzu ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba, sai ya koma da ita inda ta tsaya. A makarantu da yawa kuwa ya zama maki da ake cikewa a takarda idan hutu ya gabato. Ban ga laifin malamin da aka cika wa aji maƙil, yara har bakin taga, ba. Yaushe zai saurari karatun kowa?

Mu kuma ba baƙin tsarin koyar da kowane yaro daidai fahimtarsa ba ne. A makarantar allo kowa da allonsa, malam ya biya wa kowa nasa karatun, kuma ba a wanke allo sai yaro ya iya abin da ke kai.

Sai dai a lura, manufa ba ta da ƙarfin doka. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ce ta wajabta karatun shekara tara kyauta, har da cin tara ko ɗauri ga uban da ya yi ta ƙin sa ɗansa makaranta, amma ba ta faɗi yawan yaran aji ba. Saboda haka ƙorafin cunkoso ana fara kai shi ga hedimasta da kwamitin iyaye da mutanen gari mai kula da makarantar (SBMC), sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB). Ranar karɓar sakamako kuma, bayan tambayar na nawa yaro ya zo, uba na iya roƙon malam ya sa yaron ya karanta layi biyu a gabansu.