Kangaru

Kangaru dabba ce mai shayarwa wadda ba a samun ta a daji sai a ƙasar Ostireliya, ko da yake danginta masu hawa bishiya suna zaune har a tsibirin Niyu Gini. Manyan nau'o'inta huɗu ne. Ja, wanda ya fi duka girma, yana zaune a busassun filayen tsakiyar ƙasar, kuma namijinsa kan kai nauyin kilo 90. Mai ruwan toka na gabas ya fi son dazuzzuka da makiyaya masu ruwan sama har zuwa tsibirin Tasmaniya, ɗan'uwansa na yamma yana kudu da yammaci, na huɗun kuwa yana filayen ciyawa na arewa masu zafi.

Abin da ya bambanta kangaru da sauran manyan dabbobi shi ne tafiyarta, domin ba ta gudu, tsalle take yi da ƙafafun baya biyu a tare. Jijiyoyin ƙafafun suna miƙewa idan ta dira, sannan su koma kamar danƙo su cilla ta gaba, saboda haka ba ta kashe ƙarfi mai yawa. A shekarar 1973 masana biyu, Terence Dawson da Richard Taylor, suka nuna cewa iskar da jan kangaru ke buƙata ba ta ƙaruwa sosai idan ya ƙara sauri, abin da ke da amfani ƙwarai ga dabbar da ke cin dogon zango neman ciyawa da ruwa. Saurinta na yau da kullum kilomita 20 zuwa 25 ne a awa, amma idan ta tsorata takan kai kilomita 70 na ɗan lokaci, tsalle ɗaya kuma ya kai mita 8. Wurin kiwo kuwa a hankali take jan jiki, tana dogara da hannuwa da wutsiya kafin ta jawo ƙafafun baya. Ja da baya yana yi mata wuya, amma ta iya iyo.

Da rana takan kwanta a inuwa tana lasar hannuwanta don ta rage zafi, sai yamma ta fita kiwo har wayewar gari. A garke suke zama, wanda ya hango haɗari kuma yakan buga ƙafa a ƙasa don sauran su ankara. Maza suna kokawa a kan mata, su dogara da wutsiya su yi shuri da ƙafafu biyu.

Jar kangaru takan haihu bayan kimanin kwana 33, jaririn bai kai giram ɗaya ba, kuma da kansa yake rarrafawa zuwa wata jakar fata da ke gaban cikin uwar, inda zai yi kusan wata takwas. Uwar na iya dakatar da girman wani cikin har sai jakar ta zama fanko, tana kuma iya ba 'ya'ya biyu masu bambancin girma nono iri biyu a lokaci guda.