Safaya: tayar da sojojin baka suka mayar zagi

Kwanakin nan duk tashar da ka murɗa da daddare a Kano sai ka ji wani sojan baka yana cewa ai wane safaya ne. Mataimakin gwamna safaya, mataimakin ciyaman safaya, har na'ibin liman na ji an laƙaba wa a wata majalisa. Cewa kalmar daga Turanci ta shigo ta bakin direbobi da makanikai, wannan ko yaron mai faci ya sani. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake furta ta da nufin "marar amfani".

Don a ga ko safaya marar amfani ce, ga misalin wata 'yar motar tsere ta Ingila, Caterham Seven. Colin Chapman ne ya fara ƙera ta a 1957 da sunan Lotus Seven, kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ci gaba da yin ta a 1973. Kujera biyu ce, ba ta da ko ƙofar kirki, nauyinta kilo 500 da 'yan kai, bai kai rabin Corolla ba. Safayarta a waje take, an ɗaure ta a ƙeya kamar ta tsohuwar jif. Masu motar sun daɗe suna musu a kan a cire ko a bari. Masu cirewa suna cewa taya da ƙarfen da ke riƙe da ita sun haura kilo 10, kuma a bayan tayoyin baya suke rataye, inda nauyi ya fi jan gindin mota in an sha kwana da gudu. A Corolla ba za ka ji kilo 10 ba, a wannan kuwa direba yana ji a hannunsa. Masu bari suna tuna musu cewa tankin mai a nan bayan yake, in wani ya daki motar ta baya gara ya fara cin karo da roba.

Duk cikin musun nan babu mai cewa tayar banza ce. Mai cirewa ya cire ne don a filin tsere zai yi ta zagaye, makanikinsa na gefe da kayan aiki. Ba shi ne zai baro Na'ibawa bayan la'asar ya nufi Kaduna ba.

Ni na taɓa nufa. Gaba kaɗan da Kwanar Dangora tayar baya ta tashi, na buɗe but da ƙwarin gwiwa, na tarar safaya ta lafe, gefenta duk ya tsattsage. Mai facin da ɗan acaɓa ya ɗauko min ya goge ƙurar jikinta da babban yatsa, ya nuna min lamba huɗun da ake bugawa a gefen kowace taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tawa ta haura shekara 10 a kwance, ban taɓa sa mata iska ba. Roba tana bushewa ko ba ta taɓa kwalta ba.

To irin wannan ake yi wa mataimaka: a ɗauko wanda ba zai yi motsi ba, a rufe a but, a dawo rediyo ana yi masa dariya. Alhali sashe na 191 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in gwamna ya rasu, ko ya sauka, ko aka tsige shi, mataimaki ne gwamna. A Yobe Mamman Ali ya rasu a 2009, Ibrahim Gaidam ya hau. Umaru 'Yar'aduwa ya rasu a 2010, Jonathan ya hau, ya ɗauke Gwamna Namadi Sambo daga Kaduna ya mai da shi mataimakin shugaban ƙasa, mataimakin Sambo, Patrick Yakowa, ya gaje shi. Yakowa ya rasu a hatsarin jirgi a 2012, Ramalan Yero ya karɓa. Cikin shekara uku Kaduna ta ɗaura safaya sau biyu.