Kansar bututun madaciya: daga duba ƙarin zuwa ƙirga sojojin jiki

Wannan ciwon gaskiya mugun ciwo ne saboda baya nuna kansa da wuri. Yawanci sai ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayi, ga ƙaiƙayi da ya hana bacci, a gida ana ta jiƙa maganin shawara, kafin a kai ga hoton ciki ƙarin ya riga ya toshe bututun da ke sauke madaciya daga hanta zuwa hanji. Daga nan kuma tambayar ƴan uwa guda ɗaya ce, likita yaya ake ciki, akwai sauran lokaci?

Shekara da shekaru ƙarin kawai ake kallo. A 1965 Gerald Klatskin a Amurka ya bayyana irin wanda ke fitowa a mahaɗar bututun, a 1975 Bismuth da Corlette suka kasa shi gwargwadon inda ya kai, sai gwajin jini na CA 19-9 (wani sinadari da kan ƙaru a jinin masu wannan kansar) da aka gano a 1979, wanda shi ma ba abin dogaro bane sosai, toshewa kaɗai tana iya ɗaga shi ba tare da kansa ba, wasu mutanen ma jikinsu baya yin sa kwata-kwata.

Abin ya fara sauyawa a 2006 da Jérôme Galon a Faransa ya nuna a kansar babban hanji cewa yawan sojojin jiki, wato ƙwayoyin garkuwar jiki masu yaƙar cuta, da suka kutsa cikin ƙarin yana faɗin makomar mara lafiya. A 2013 masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka duba naman masu kansar hanyoyin madaciya 375 da aka yi wa tiyata, suka ga waɗanda sojojin jiki nau'in CD4 da CD8 suka yi yawa a ƙarinsu sun fi daɗewa. Kaga kenan mutum biyu, girman ƙari ɗaya, amma wani jikinsa yana faɗa wani kuma ya saki.

To sai magani ya biyo baya. A 2010 haɗin magungunan kansa biyu, gemcitabine da cisplatin, ya kai matsakaicin rayuwar marasa lafiya wata 11.7, a 2022 gwajin TOPAZ-1 ya ƙara durvalumab mai zaburar da garkuwar jiki, ya zama wata 12.8 maimakon 11.5 da waɗanda aka ba magungunan biyu kaɗai suka samu a gwajin. Kaɗan ne wallahi, amma waɗanda suka kai shekara biyu sun tashi daga kusan kashi 10 zuwa kusan 25 cikin ɗari. Matsalar ita ce alamar PD-L1 (wani furotin da ake aunawa a naman ƙarin) da aka sa wa rai bata iya ware wanda zai amfana ba.

Ni wanda ya fi jan hankalina shi ne mafi arha, wato a ɗauki adadin neutrophil a raba shi da adadin lymphocyte (nau'i biyu ne na fararen ƙwayoyin jini) daga gwajin jinin nan na kullum da kusan kowane lab ke yi. In lissafin ya hau, bincike da dama sun nuna ciwon ya fi tsanani. Sai dai zazzaɓi ko ƙwayar cuta a toshasshen bututun duk suna ɗaga shi, shi yasa likita baya yanke hukunci da shi kaɗai, sai ya haɗa da hoto da abin da aka gani a naman.