The Dark Side of the Moon, kundin waƙoƙin Pink Floyd

The Dark Side of the Moon shi ne kundin sutudiyo na takwas na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, wanda ya fito a watan Maris na 1973. Yana sahun gaba a salon kiɗan rok da ake kira progressive rock, inda mawaƙa ke tsawaita waƙa, su sarrafa sauti iri-iri, su ɗaure faifai ɗungurungum a kan jigo guda.

An ɗauke shi a sutudiyon Abbey Road da ke Landan tsakanin 1972 da farkon 1973, bayan ƙungiyar ta riga ta gwada shi a gaban 'yan kallo. Roger Waters ne ya rubuta baitocin duka, David Gilmour na kan jita, Richard Wright kan piyano da makamantansa, Nick Mason kan ganguna, Alan Parsons kuma injiniyan sauti. Jigon shi ne abubuwan da ke matse ɗan Adam: gudun lokaci, kwaɗayin kuɗi, gaba da juna, mutuwa da taɓin hankali. Na ƙarshen nan ba daga nesa suka hango shi ba, domin rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ce ta raba su da jagoransu na farko, Syd Barrett, a 1968.

Faifan yana buɗewa da bugun zuciya, da shi kuma yake rufewa, waƙoƙin na shiga cikin juna, don haka mai tsinkar guda ɗaya ya saurara ya yi asarar rabin daɗin. "Time" tana farawa da hayaniyar agogai. "Money" an gina ta a kan ƙarar tsabar kuɗi, da bugu bakwai maimakon huɗun da kunne ya saba.

Amma inda faifan ya fi ratsa jiki shi ne "The Great Gig in the Sky". A nan mawaƙiya Clare Torry, wadda ba 'yar ƙungiyar ba ce, ta saki murya ba tare da baiti ko ɗaya ba, kamar mai kukan rashi, sannan ta sauko a hankali har ta lafa. Fam 30 aka biya ta a lokacin. Sai a 2005, bayan ta kai ƙara kotu, aka sasanta aka sa sunanta tare da na Wright a matsayin masu waƙar.

Bangon faifan, hasken da ke ratsa gilashi mai kusurwa uku ya fito da launukan bakan gizo, aikin kamfanin zane na Hipgnosis ne. Kundin ya yi makonni 741 a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka tsakanin 1973 da 1988.