Waiwaye: Tafkin Nyos da iskar da ta kashe mutum 1,746 a dare ɗaya

Ranar Alhamis 21 ga Agusta 1986, wajen ƙarfe tara na dare, mutanen ƙauyukan da ke gindin tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru, can wajen garin Wum, suka ji wata ƙara kamar tsawa daga kan tsauni. Damina ce, ba wanda ya kawo komai a ransa. Kafin gari ya waye mutum 1,746 sun rasu a Nyos da Cha da Subum da Kam, dabbobi kusan 3,500 sun mutu, galibi shanun Fulani makiyaya. Waɗanda suka fara shiga wurin abin da ya ɗaure masu kai shi ne bukkoki na tsaye lafiya lau, itatuwa da ganyensu, ga gawa a bakin ƙofa, ga gawa a kan gado, ga shanu zube a kan tudu amma ko ƙuda babu balle ungulu, don su ma iskar ba ta bar su ba. Wasu da Allah ya yi da sauran kwana sun suma ne, sai bayan awanni masu yawa suka farka suka tarar da iyalinsu kaf sun tafi. Ruwan tafkin kuwa da aka sani shuɗi ya koma ja kamar tsatsa.

To in mutum na so ya gane lamarin sai ya koma baya sosai. Akwai wani jerin duwatsu masu aman wuta da ya miƙe kusan kilomita 1,600, ya faro daga cikin teku a tsibiran Annobon da Sao Tome da Bioko, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru wanda ko a 1999 da 2000 sai da ya yi aman wuta, ya wuce ta Oku har tsaunukan Adamawa da Mandara da tudun Biu na jihar Borno. Nyos a kan wannan layin yake. Asalinsa rami ne, narkakken dutse ya taso daga ƙasa ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wurin ya fashe ya bar wawakeken rami mai zurfin mita 200 da ɗoriya, ruwa ya cika shi. Wutar ta lafa amma can ƙasa narkakken dutsen bai daina fitar da iskar kabon dayoksaid ba, iskar na bin maɓuɓɓuga tana shiga ƙasan tafkin, nauyin ruwan sama ya danne ta ta narke a ciki. A ƙasashe masu hunturu ruwan tafki na juyawa duk shekara, na sama ya sauka na ƙasa ya hau, iska ta fice a hankali. Nyos kuwa zurfi gare shi, tsaunuka sun kare shi, yanayin zafin bai cika sauyawa ba, sai ruwan ƙasa ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru yana ta ɗiban iska, kamar dai kwalbar lemo da ba a ɓalle murfinta ba. Da wani abu ya motsa shi a daren, ana kyautata zaton zaftarewar ƙasa ce ko ruwan sama mai sanyi, sai ruwan ƙasa ya taso, yana tasowa iskar na kuɓucewa tana ƙara jawo wani ruwan. Ita kuma wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi kusan ninki ɗaya da rabi, shi ya sa maimakon ta tashi sama sai ta gangara cikin kwari tana bin ƙasa har nisan kilomita 25.

Abin da ya fi ci mani rai, an samu gargaɗi. Shekara biyu kafin nan, 15 ga Agusta 1984, tafkin Monoun da ke kusa da Foumbot ya yi irin wannan ya kashe mutum 37. Wani masanin duwatsu ɗan Iceland, Haraldur Sigurdsson, ya je ya auna ruwan ya ce iskar da ta taru a ƙasan tafki ce, amma ba a ɗauki maganar da muhimmanci ba don ba a taɓa jin irinta ba. Ko bayan Nyos ma gardama aka shiga, a taron da aka yi a Yaounde a 1987 ɓangaren Bafaranshen nan Haroun Tazieff suka kafe a kan dutse ne ya yi aman wuta a ƙarƙashin ruwa, wasu suka ce a'a tafkin ne da kansa. A gari kuma raɗe-raɗi ya bazu wai gwajin bam aka yi, musamman da firayim ministan Isra'ila Shimon Peres ya sauka a ƙasar kwanaki kaɗan bayan abin, har yau akwai masu faɗin haka. Awon da aka ci gaba da yi ne ya raba gardama, don an ga iskar na sake taruwa shekara bayan shekara.

Maganin kuma ba wani abu ne mai wahala ba wallahi. Dogon bututun roba ake zurawa har ƙasan tafkin, a ja ruwan da famfo sau ɗaya, daga nan iskar da kanta ke tunkuɗo shi yana feshi sama kusan mita 50 ba inji ba mai. Injiniyoyin Faransa ƙarƙashin Michel Halbwachs sun gwada a Monoun a 1992 da Nyos a 1995, amma sai 2001 aka kafa bututun farko na dindindin, shekara 15 kenan mutane na zaune a sansanoni irin su Buabua da Kimbi an hana su komawa gonakinsu. Sauran bututu biyu sai 2011 aka ƙara.

Mu a Najeriya ma abin ya shafe mu kai tsaye. Bakin tafkin ta arewa wata katanga ce ta toka da tsakuwar aman wuta, ba dutse mai ƙwari ba, ruwa na ta zaizayar ta, a 2005 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kashedin tana iya ɓallewa, in ta ɓalle ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya sauka Taraba da Binuwai. Dalilin gina madatsar Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum kenan, don ta tare ambaliyar, daga baya aka haɗa mata injinan lantarki na megawat 40. Ita ma katangar can Kamaru an ƙarfafa ta da kankare.

Tafki na uku mai irin wannan hali shi ne Kivu, tsakanin Ruwanda da Kwango, ya ninka Nyos girma nesa ba kusa ba, mutum wajen miliyan 2 ke zaune a gaɓarsa, kuma ban da kabon akwai gas mai kama wuta a ƙasansa. Ruwanda ta fara zuƙo gas ɗin tana samar da lantarki da shi, sai dai dutsen Nyiragongo na nan a bayan garin Goma, a 2002 narkakken dutsensa ya ratsa garin har cikin tafkin, a Mayun 2021 kuma da ya sake aman wuta sai da hukuma ta kwashe dubban ɗaruruwan mutane daga unguwannin Goma saboda tsoron kada girgizar ta tayar da iskar da ke ƙasan ruwan.