Wai me ake nufi da "caca da hankali"?

Duk wanda ya taɓa ganin tallar gidan caca zai lura da wani ɗan rubutu can ƙasa da ƙananan baƙi, wai a yi caca da hankali. To ma'anarsa dai ita ce mutum ya ɗauki kuɗin da ya zuba tamkar kuɗin tikitin kallo, ya biya ya kalla sun tafi, ba hanyar neman abinci ba ce. Ka ware abin da in ya salwanta ba za ka shiga uku ba, ka yanka wa kanka lokaci, suna ƙarewa ka miƙe. Ba rance, ba taɓa kuɗin haya ko na makarantar yara.

A baki abu ne mai sauƙi, amma fa lissafin tun farko ba naka ba ne. Ɗauki rulet irin na Turai, wato faifan caca da ake juyawa ƙaramar ƙwallo ta faɗa ɗaya daga guraben lambobinsa, gurbi 37 ne daga 0 zuwa 36, in ka sa a lamba ɗaya ka ci ninki 35 za a ba ka maimakon 36, wannan ɗan giɓin shi ne rabon gida, kusan kashi 2.7 cikin 100 na duk abin da aka zuba. Na Amurka gurbi 38 ne saboda ƙarin gurbi ɗaya mai sifiri biyu (00), rabon gida ya haura kashi 5. Kenan iya daɗewarka a teburin iya yadda ake tatsarka, shi ya sa gidajen caca da yawa ba za ka ga agogo a bango ba balle taga.

Inda hankalin ke fara guduwa shi ne wajen ramuwa. Mutum ya rasa abin da ya zo da shi, maimakon ya tafi sai ka gan shi a gaban ATM yana cewa bari in dawo da uwar kuɗina kawai in tashi, ya koma ya ninka abin da yake sawa, wayarsa na ta ƙara ya kife ta a kan tebur, injin caca mai biya in hoto uku iri ɗaya sun jeru ya jera masa hoto biyu iri ɗaya na ukun ya tsaya dab da layi sai ya ce kai saura ƙiris, alhali injin bai san ya kusa ba, kowane juyi zaman kansa yake yi. Wannan ni a ganina ita ce babbar alama, ta fi yawan kuɗin da aka rasa nuna an kamu.

Likitoci ma sun daina kallon abin a matsayin rashin tarbiyya kawai. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon caca a sahu ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, da alamomi 9, wanda aka samu da 4 cikin wata 12 ya kamu. Akwai yi wa iyali ƙarya, da ƙara kuɗi kafin a ji daɗin da ake ji a da, da ƙunci in an yi ƙoƙarin dainawa, da jiran wani ya zo ya biya maka bashi.

Abin da ke ɗan ba ni haushi da kalmar shi ne ta ɗora duk nauyin a wuyan ɗan caca, wanda ya ƙera tarkon shi ne kuma ke cewa ka taka a hankali. Shi ya sa wasu ƙasashe ba su tsaya a nasiha ba. Birtaniya ta hana caca da katin bashi a Afrilun 2020, kuma suna da GamStop inda mutum ke sa a toshe shi daga shafukan caca masu lasisi na wata 6 ko shekara 1 ko 5, kuma ko ya dawo yana magiya ba za a buɗe masa ba sai wa'adin ya cika. Akwai kuma Gamblers Anonymous da aka kafa a 1957 a Los Angeles, inda waɗanda suka kamu ke zama suna gaya wa juna kwana nawa suka yi ba su sa ko sisi ba.